Taku Tamanin na Clarrie Nuske

Idan ka shigo Burranook ta gefen rumbunan alkama, allon yana nan har yau a hannun hagu, da jan fenti: "Garin da ya fi kowa faɗin fili." Ba wanda ya cire shi. Mu mutanen nan ba ma cire abu don ya zama ƙarya, sai dai mu jira iska ta kayar da shi, sannan mu ce ai dama muna shirin yi.

Sunana Glenys. Shekara talatin da ɗaya na yi ina sayar da shayi da mitfai, wato gasasshen ƙullin fulawa mai nama a ciki, a kantin kulob ɗin ƙwallonmu, don haka duk abin da zan faɗa a kan Clarrie Nuske ta tagar kantin nan na gan shi. Ban ce hannuna tsarkakakke ba ne a cikin maganar. Za a zo wurin.

Dokar ƙwallonmu, irin ta ƙasar nan da ake ɗauka a hannu a gudu da ita, ba ta tsayar da girman fili ɗaya ba. Abin da ta ce kawai, ya yi siffar ƙwai, tsawonsa daga mita ɗari da talatin da biyar zuwa ɗari da tamanin da biyar, faɗinsa daga ɗari da goma zuwa ɗari da hamsin da biyar. A tsakanin nan kowane gari ya yi abin da ƙasarsa da girman kansa suka ba shi dama. Akwai garin da layin dogo ya gutsure wa filinsu kunne ɗaya, akwai inda gefe ke gangara har ƙwallo ta kama hanyar kududdufi da kanta. Na maƙwabtanmu 'yan Kellalong faɗinsa ɗari da ashirin da takwas, kuma mun shafe shekara sittin muna tuna musu. Namu ɗari da hamsin ne cif. Haka yake a rubuce a littafin hukumar wasanni ta gunduma, da hannun wani magatakarda da ya mutu kafin a haife ni.

Mahaifin Clarrie, tsoho Emil Nuske, shi ya share filin da garmar doki, kuma shi ya bar yadda ake shata shi. Sandunan gola na arewa da na kudu a cikin siminti suke, ba sa motsi. Layin gefe ne ke ɓacewa duk shekara, domin da zafi ya shigo rana kan ƙone ciyawar, 'yan wasan kurket su tattake saura, tumakin bikin amfanin gona su ƙarasa. To idan sanyi ya kusa, lokacin ƙwallo ya matso, sai mai shata fili ya tsaya a kan simintin kurket da ke tsakiya, ya yi taku tamanin gabas ya kafa turke, ya dawo ya yi tamanin yamma ya kafa turke. Daga nan sai ya cika baronsa da farar ƙasa ya lanƙwaso layi daga turke zuwa sanduna. Iyakar ilimin ke nan, kuma Clarrie ya riƙe shi fiye da yadda limamin cocinmu ya riƙe nasa littafin.

Yana da shekara ashirin da shida ya gaji baron. A lokacin dogo ne sambal, ƙafafu kamar na zalɓe, kuma ɗan wasan gefe ne da ba a taɓa yin irinsa a gundumar ba. Tsofaffi na cewa idan ya ɗauki ƙwallo ya tsere ta gefen gabas, masu binsa sukan tsaya su riƙe ƙugu tun bai yi rabi ba. Wannan faɗin nasa ne, a cikinsa ya yi suna, a cikinsa Doreen, wadda ta zama matarsa, ta gan shi ta ce ta ga miji. Gonarsa ƙarama ce, kuma bai taɓa zama manomin kirki ba. Alkamarsa takan fito a karkace, amma layin filinsa kamar da zare aka ja.

Ranar shata fili ranar kallo ce. Yakan zo da safe da takalman aikinsa, ya cire hula ya ajiye a kan siminti, ya gyara tsayuwa, sannan ya fara ƙirga da Jamusanci kamar yadda Emil yake yi. Duk Jamusancin da ya rage a gidan Nuske ke nan, ɗaya zuwa tamanin. Wani sabon malamin makaranta ya taɓa kawo masa tef ɗin awo kyauta, da kyakkyawar niyya.

"Na gode, malam," in ji Clarrie. "Kai wa Doreen, ita ke ɗinki a gidanmu."

Filinmu ba shi da shinge. Motoci ake jerawa kewaye da layi, hanci ga fili, kowane gida da wurinsa na gado, a zauna a ciki da bargo da fulas ɗin shayi, idan namu suka ci a danna hon har kunnuwa su toshe. Motocin nan ne suka fara tona abin. Shekarar da aka yi wa Clarrie aikin gwiwa, ranar wasan farko, na leƙa ta taga na ga duk layin motoci ya matsa gaba da kusan rabin tsawon mota. Tabon man da motar gidan Pietsch ta shekara ashirin tana ɗigarwa yana can baya shi kaɗai. Na je na samu mai horar da 'yan wasa na lokacin, na nuna masa.

Ya dubi tabon, ya dubi layin, ya dubi 'yan wasansa suna ɗumama jiki, kowanne da tumbi a gaba. "Glenys," ya ce, "ki koma ki duba mitfai ɗinki, kada ya ƙone."

Ya fi ni saurin lissafi. Samarin garin masu gudu duk sun tafi Melbourne karatu ko neman aiki, waɗanda suka rage mana magidanta ne masu cin nama sau uku a rana. A fili mai faɗi yaran Kellalong kan zagaye su kamar an kafa su. A fili matsattse kuwa ba inda mai gudu zai gudu, sai ya faɗa a ƙirjin wani ƙato mai warin dizal. Shekarar nan muka ci Kellalong a gida karo na farko cikin shekara tara, aka danna hon har batirin wasu ya mutu.

Daga nan kowace shekara Clarrie ya yi takunsa tamanin, kowace shekara layi ya ɗan shigo, motoci su bi shi. Bayan gwiwa sai ƙugu, bayan ƙugu sai baya ya fara rusunawa. Filin ya riƙa ramewa ta gefe yana nan da tsawonsa, har ya tashi daga ƙwai ya koma gurji. Baƙi kan sauko daga bas su tsaya suna kallo.

"Wai wannan fili ne ko lungun bayan kasuwa?" wani kaftin ɗinsu ya taɓa tambaya ta taga.

"Ba ka iya karatu ba ne, ɗan nan? Allo na bakin gari. Shayi ko mitfai?"

Shi Clarrie ba wai bai ga komai ba. Ya gani, sai dai ya samo wa kowane abu dalili. Da ya ga ana buga ƙwallo daga tsakiya ta faɗa kan gilashin mota, sai ya ce yaran yanzu ƙafa gare su, abincin gwangwani ne. Da ya ga wuri ya yi yawa a bayan motoci, ya ce motocin yanzu ƙanana ake yi. Sau ɗaya ya kusa kamawa. Akwai wata tsohuwar bishiya a gabas wadda inuwarta kan taɓa layi da hantsi tun zamanin Emil. Wata Asabar ya tsaya a tagata da kofinsa yana kallonta.

"Glenys, inuwar bishiyar can ta daina kawowa layi. Kin lura?"

"Bishiya ma tsufa take yi, Clarrie."

Kafin Asabar ta gaba an sare ta. Gavin Pietsch, wanda ya zama shugaban kulob a shekarar, ya ce gara ce ta cinye cikinta. Na ga kututturen da idona, lafiyarsa ƙalau, ko ramin allura babu.

Ƙasar da layi ya saki kuwa ba ta zauna haka nan ba. A gabas Gavin ya gina rumfar gashin nama da giya, da ginshiƙan bulo da allon tagulla mai sunan mahaifinsa. A yamma mata suka zuba simintin dandalin ƙwallonsu. Ni ma na kai kuka cewa tsohon kantina ya yi nisa da jama'a, mitfai na hucewa kafin a kai shi mota, aka gina mini sabo a gaba, mai ƙofa biyu, kudu da arewa, da famfon ruwan zafi. Ranar buɗe kowane gini Clarrie ake kira ya yanke ƙyalle, a tafa masa, a ce ba mu da kamarsa. Yana jin daɗin hakan ƙwarai, mu ma muna jin daɗin ganin yana jin daɗi, har muka fara ɗaukar abin a matsayin alheri muke masa.

Doreen ta rasu shekara shida da suka wuce. Bayan jana'iza da kwana huɗu ya fito ya shata fili, domin lokaci ya yi.

Wasiƙar hukuma ta zo a farkon wannan kakar wasan da nake ba da labari, Clarrie na da shekara saba'in da tara, ya riga ya ja layinsa na shekarar. Mu da Kellalong kowa ya kasa haɗa 'yan wasa goma sha takwas, mu har direban motar makaranta muka taɓa sa wa riga. Hukuma ta ce za a haɗe kulob biyun su zama ɗaya, da fili ɗaya. Tunda fitilunmu da ɗakunan wankanmu duk lalacewarsu ɗaya, za a zaɓi filin da ya fi faɗi. Wanda ya rasa, an rufe nasa ke nan. Kowa a nan ya san abin da ke bin bayan rufe fili, mun gani a garuruwa uku: wasan Asabar ya mutu, mashaya ta bi shi, sai makaranta.

Gavin ya karanta wasiƙar a zauren gari ranar Lahadi bayan coci. Da ya kai "wanda ya fi faɗi" aka ɗauki tafi. Sai ya karanta layin ƙarshe, cewa jami'ar hukuma za ta zo ranar Asabar ta auna filayen biyu da kanta. Tafin ya riƙa mutuwa daga layin gaba zuwa baya, har ya rage mutum ɗaya yana yi, Clarrie.

"Ta zo mana," ya ce. "Mita ashirin da biyu muka ba su. In ta gama ta sha shayi."

Gavin ya yi gyaran murya. Mutum ne mai dariya kafin ya yi magana, don a san abin da zai faɗa ba daɗi. "Clarrie, abokina, muna tunani ne. Ko za ka sake bin layin nan kafin Asabar? Ka ɗan ƙara masa, haka dai, taku ashirin kowane gefe. Don kwalliya."

"Tamanin ne."

"Na sani, tamanin ne. Amma ka ga su 'yan Kellalong ba tsoron Allah gare su ba, wa ya san abin da za su yi wa nasu?"

"Su yi. Babana tamanin ya taka, ni tamanin na taka shekara hamsin da uku, ban taɓa ƙara rabin taku ba ko ranar wasan ƙarshe. Yanzu da furfurata kake so in yi maguɗi, Gavin? Ni na koya maka ɗaure takalmi."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Mutum arba'in a zauren nan, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce masa, tsoho, ƙafarka ce. Har da ni.

Bayan fitarsa aka ce to mu ja layin da kanmu, ai baro ba ya cizo. Sai wani ya yi lissafi a bayan takardar coci: kafin mu wuce Kellalong ko da mita ɗaya, dole layin ya ratsa rumfar gashi a gabas, ko ya ratsa dandalin mata da kantina a yamma. Da za a kawo motar rusau ranar Litinin, da an gama kafin Alhamis. Gavin ya ce rumfar nan da sunan mahaifinsa a jikinta, kuma ba a binne mutum sau biyu. Shugabar ƙwallon mata ta ce su ne kaɗai suka kawo wa garin nan kofi cikin shekara goma, wanda ya taɓa simintinsu ya shirya dafa wa kansa abinci. Aka juyo gare ni. Na ce famfon ruwan zafin nan shekara goma sha bakwai na yi ina roƙonsa. Awa biyu muka yi, kowa na shirye ya sadaukar da ginin ɗan'uwansa don ceton gari. A ƙarshe aka tsayar da shawara ɗaya da kowa ya yarda da ita: a cika jami'ar da abinci, a nuna mata littafi.

Ranar Asabar da hantsi ta iso. Sunanta Tamsin Halloran, doguwar yarinya ce wadda ba ta kai talatin ba, da ganin kafaɗunta ka san ta buga ƙwallo. Ta riga ta auna na Kellalong da safe, ɗari da ashirin da takwas, ba ƙari ba ragi. Shugabansu Wal Dempsey ya biyo ta da motoci shida cike da 'yan garinsu, suka jera a layinmu kamar an gayyace su.

"Glenys, 'yar gari," in ji Wal, "ba ni mitfai ɗaya. A nan zan tsaya in ci, in na juya cikin filin nan sai in buge wani da gwiwar hannu."

"Ci a hankali, Wal, haƙoran aro ne."

Gavin ya tari Tamsin da farantin kek a hannu ɗaya, kwafin shafin littafi a ɗayan. Ta karɓi kek, ta ce an gode, ta buɗe bayan mota ta fito da keken awo, ƙafa ɗaya da sanda da ɗan agogo mai ƙirga mita. Ta ɗora shi a layin gabas ta tura. Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin keken. Ban taɓa ganin an tsallaka filin nan da sauri haka ba. Ta duba agogo a layin yamma, ta ɗaure fuska, ta juya ta sake aunawa.

"Ɗari da huɗu," ta ce. "Bai ma kai abin da doka ta yarda a yi wasa a kai ba."

'Yan Kellalong suka danna hon gaba ɗaya, a filinmu, a wuraren gadonmu. Namu kuwa kowa ya samu abin kallo a ƙasa.

Clarrie ya fito daga cikin jama'a yana murmushi, irin murmushin da ake yi wa yaro ya kawo lissafi ba daidai ba. "Yarinya, keken nan naki ya sha giya. Ajiye shi ki ga yadda ake yi."

"Mista Nuske, keken sabo ne."

"To shi ya sa."

Ya je tsakiya, ya cire hula ya ajiye a kan siminti, ya gyara tsayuwa ya fuskanci yamma, wajen kantina. Ya fara ƙirga da Jamusancinsa. Duk mun san lambobin nan, da su muka girma. Na tsaya a taga ina kallonsa yana tahowa, bayansa a rusune, ƙafar hagu na jan ƙasa, kowane taku bai fi tsawon farantin gashi ba. Shekara ashirin da biyu ina kallon wannan tafiyar, ranar ce na fara jin kunya sosai. Ya kai tamanin, ƙafarsa ta sauka a kan farin layi daidai, ko yatsa bai wuce ba. Ya juya ya buɗe hannuwa.

"Ga shi nan. Ke ma taka ki gani, tsayinki ɗaya da nawa."

Tsayinsu ɗaya a da, yanzu kansa a kafaɗarta yake tsayawa. Ta dube shi, ta dube mu, na ga ta gane komai a lokacin, kuma na ga abin da ta ɗauke mu.

"Ba sai na taka ba, Mista Nuske."

"Taka. Ni zan ƙirga miki."

Ta tsaya a siminti ta taho, takun mai ƙarfi wanda ba ya tunanin ƙafarsa. Clarrie na ƙirgawa da ƙarfi. A wajen arba'in muryarsa ta fara sauka. A hamsin da takwas ta tsaya a gabansa, a kan layi. Ko 'yan Kellalong ba su danna hon ba.

Ya daɗe yana kallon takalmansa. Sannan ya tako zuwa tagata, ya dafa katako.

"Glenys. Tun yaushe?"

Na yi niyyar cewa ban sani ba, bakina ya saba, amma gaskiya ce ta fito. "Tun aikin gwiwarka."

"Kowa?"

"Kowa."

"Bishiyar?"

"Babu gara a cikinta."

Ya gyaɗa kai. "Doreen fa?"

"Ta so ta faɗa maka. Muka roƙe ta ta bari a gama kaka."

"Wace kakar?"

"Kowace."

Bai zage ni ba, da ya zaga da na fi samun sauƙi. Ya koma wurin Tamsin ya miƙa hannu. "Ara mini abin nan naki, yarinya. Nawa ne rabin ɗari da hamsin a agogonsa?"

"Saba'in da biyar."

Mutumin da ya aika wa matarsa tef ya kama keken awo ya tura daga tsakiya. Ya tsallake nasa layin, ya ratsa tsakanin motoci, ya hau simintin dandalin mata, agogo ya cika a daidai bakin ƙofar kantina ta kudu. Ya kafa turke. Ya koma ya yi gabas, agogo ya cika a ƙarƙashin murhun gashin Gavin, taku biyu daga kututturen bishiya. Ya ɗauko baronsa daga rumbu ya cika da farar ƙasa. Wasu suka yunƙura za su kama masa, ya dube su, suka koma.

Awa ɗaya da rabi ya yi yana jan layin, yana tsayawa yana hutawa. Masu motoci suka riƙa ja da baya suna ba shi hanya. Ya bi ta tsakiyar rumfar gashi, farar ƙasa ta zuba a kan bulo a ƙarƙashin allon tagulla. Ya zagayo ta sandunan kudu, ya haye dandalin mata a karkace, ya iso ƙofata. Na janye kwandon shara na buɗe masa. Ya turo baro ta tsakanin firij da famfon ruwan zafi, ya fita ta ƙofar arewa, bai kalle ni ba.

Gavin, wanda ba a taɓa kama shi da kunya ba, ya ruga wurin Tamsin. "To ga shi, ɗari da hamsin, kamar yadda littafi ya ce. Rubuta."

"Ta cikin kanti za a buga ƙwallon, Mista Pietsch? Ko mai gashi ne zai riƙa ɗaga murhu idan an taho?"

Ta rubuta ɗari da huɗu.

Da Clarrie ya haɗe layin a sandunan arewa, sai ya ajiye baro ya dawo yamma, ya tsaya a kan ƙaramin layinsa na farkon kaka. Ya fuskanci kantina ya fara takawa, yana ƙirgawa, amma wannan karon da harshen da kowa ke ji, ba da na Emil ba. Ya tsaya a bakin ƙofata, a kan sabuwar farar ƙasa.

"Talatin da biyar," ya ce. "Kowane gefe. A nan nake gudu da ƙwallo, Glenys, daidai inda firij ɗinki yake."

Na ce, "Clarrie, ba mu so ranka ya ɓaci ne."

"Ni tsufa na yi," ya ce. "Ku fa?"

Ya ciro mabuɗin rumbun kaya daga aljihu ya ajiye a kan katakon taga, kusa da kwalbar tumatir. Ya je tsakiya ya ɗauki hularsa, ya bi hanyar gida a ƙasa. Mutum uku suka tsayar da mota za su rage masa hanya, ya wuce su.

Yanzu a Kellalong ake wasa. Muna zuwa, muna ajiye motoci a layi na biyu, bayan nasu. Gavin ya samu kujerar mataimakin shugaba, kuma yana gaya wa duk mai saurare cewa tsufan mutum ɗaya ne ya ja wa gari. Mashaya ta koma buɗewa kwana uku a mako. Clarrie bai taɓa zuwa ba, idan mun haɗu a gidan waya yakan taɓa hula ya ce ina kwana, kamar yadda zai gaida matar sabon ɗan sanda. Ruwan sama ya wanke layin daga ciyawa da siminti tun a watan farko. Na cikin kanti ne ruwa ba ya kai wa, yana nan tsakanin firij da famfo, duk lokacin da na je duba ko ɓeraye sun shiga sai na tsallake shi.